Ba a fafe gora ranar tafiya: Yadda ake neman izinin zama a ƙasar Holan

Da wuya a samu gidan Bahaushe da ba a san sunan Holan ba, ko da mutanen gidan ba su taɓa ganin taswirarta ba. Iyayenmu mata sun san atamfa 'yar Holan, wadda kamfanin Vlisco yake bugawa a garin Helmond, kuma a wasu gidajen lefe bai cika ba sai da ita. Madarar Peak da muke zubawa a shayi asalinta daga can take. Masu kallon ƙwallo kuwa sun san Tijjani Babangida ɗan Kaduna ya taka leda a Ajax ta birnin Amsterdam, sun kuma san daga Kano Pillars ne Ahmed Musa ya wuce ƙungiyar VVV-Venlo a shekarar 2010.

Akwai darasi a labarin Ahmed Musa. Ƙungiyar tana son sa, shi ma yana son tafiya, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 kafin dokar FIFA ta ba shi damar buga mata wasa. Idan ɗan wasan da ake rububi bai tsallake ƙa'ida ba, ina ga ni da kai?

Ƙannena 'yan sakandare, na san a cikinku akwai masu burin karatu ko aiki a Turai, kuma burin ba laifi ba ne. Holan ƙaramar ƙasa ce, Jihar Kaduna ma ta fi ta faɗi, amma tana da mutane wajen miliyan 18 da jami'o'in da duniya take ji da su, irin su Wageningen a fannin noma da Delft a fannin injiniya. Sai dai kafin mutum ya zauna a can dole ya mallaki wani ɗan kati mai suna izinin zama. Wannan kati ba a kasuwa ake sayen sa ba, kuma shirin samun sa tun daga ajin da kake ciki yanzu yake farawa.

Biza daban, izinin zama daban

A nan ne mutane da yawa suke fara ruɗewa. Bizar ziyara, wadda ake kira bizar Shengen, tana ba mutum damar zama na kwana 90 kacal a cikin kowane kwana 180. Ta ɗan yawon buɗe ido ce, ko mai halartar taro, ko mai ziyarar ɗan'uwa. Duk wanda zai wuce kwana 90 a Holan, don karatu ne ko aiki ko zaman aure, izinin zama yake buƙata. Hukumar shige da fice ta ƙasar, wadda ake kira IND, ita kaɗai ce take bayar da shi.

Mu 'yan Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru, da mafi yawan 'yan Afirka, akwai ƙarin wata takarda a kanmu. Sunanta MVV, wata biza ce ta musamman da ake mannawa a fasfo, wadda take ba ka damar shiga ƙasar domin ka karɓi katin izinin zamanka. 'Yan Tarayyar Turai da wasu ƙasashe kaɗan kamar Amurka, Kanada, Japan da Birtaniya an yafe musu ita. Abin sauƙin shi ne ba sai an nemi takardun biyu daban-daban ba, buƙata ɗaya ake shigarwa, IND ta duba su tare.

Abin lura shi ne, kana ƙasarka ake neman MVV. Wanda ya ce maka ka fara shiga da bizar ziyara, in ka sauka a juya maka ita ta koma izinin zama, ya ɗora ka a keken ɓera. A ƙa'ida sai ka dawo gida ka faro daga tushe. Idan kuwa ka maƙale bayan kwanakinka sun ƙare, ka zama baƙon haure, kuma ana iya haramta maka shiga ƙasashen Shengen baki ɗaya na wani lokaci.

Wa yake nema maka?

Wannan ita ce tambayar da amsarta za ta iya ceton dukiyar iyayenka. A tsarin Holan, ɗalibi ba ya shigar da buƙatar izinin zama na karatu da kansa. Makarantar da ta ba shi gurbi ita take shigarwa a madadinsa. Haka ma ƙwararren ma'aikaci, kamfanin da ya ɗauke shi ne yake nema masa.

Kuma ba kowace makaranta ko kamfani ne yake da wannan dama ba. Sai wanda IND ta tantance ta amince da shi a matsayin mai tsaya wa baƙo, kusan kamar yadda muka san garanto a nan gida. Bambancin kawai shi ne makarantar ba ta biya maka komai. Aikinta ta tattara takardunka, ta tabbatar ka cika sharuɗɗa, ta miƙa wa hukuma, sannan ta riƙa sanar da IND halin da kake ciki har ka gama. Wannan tsari ya kankama ne tun watan Yunin 2013, lokacin da sabuwar dokar shige da fice ta ƙasar ta fara aiki.

IND tana wallafa jerin sunayen duk makarantu da kamfanonin da ta amince da su a shafinta na intanet, kyauta, kowa yana iya dubawa da wayarsa. Idan sunan makaranta ba ya cikin jerin nan, ko da takardar gurbin da aka nuna maka tana ɗauke da tambari goma, ba za ta kai ka ko'ina ba.

Gurbin karatu shi ne ƙofa

Tunda makaranta ce take nema maka izini, aikin farko shi ne samun gurbi. Manyan makarantun Holan kashi biyu ne: jami'o'in bincike, irin su Leiden, Utrecht, Groningen da Amsterdam, da kuma jami'o'in koyon sana'a a aikace, waɗanda karatunsu ya fi karkata ga horo da gwaji a wurin aiki. Digiri na farko shekara uku ne a kashi na farko, shekara huɗu a kashi na biyu.

Akwai wata hukuma mai suna Nuffic a birnin Hague da take auna takardun shaidar karatu na ƙasashen waje da na Holan. Sau da yawa jami'o'in bincike ba sa karɓar sakamakon WAEC ko NECO shi kaɗai, sukan nemi ƙarin karatu a kansa, kamar shekarar share fage ko wani ɓangare na karatun jami'a. Shi ya sa da dama daga cikin 'yan ƙasashenmu suke yin digiri na farko a gida, sannan su nemi digiri na biyu a can. Wannan hanya ta fi araha, domin yawancin digiri na biyu shekara ɗaya ne ko biyu.

Ana neman gurbi ta wani shafin intanet na ƙasa mai suna Studielink. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba. Kwasa-kwasan da aka ƙayyade yawan ɗalibansu ana rufe neman su ranar 15 ga Janairu, sauran kuma kowace jami'a da ranarta, kuma sau da yawa ta 'yan wajen Tarayyar Turai tana riga ta 'yan gida, saboda a samu lokacin aikin biza. Idan da Turanci za a koyar da kwas ɗin, za a nemi shaidar iya Turanci. A jarrabawar IELTS mafi ƙarancin maki shi ne 6.0, wasu kwasa-kwasan kuma sun fi haka. A 'yan shekarun nan gwamnati da jami'o'in ƙasar suna ta muhawara kan rage kwasa-kwasan digiri na farko da ake koyarwa da Turanci, don haka sai ka tabbatar da harshen kwas ɗin a shekarar da za ka nema.

Maganar kuɗi

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: karatu a Holan yana da tsada. Ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba yana biyan kuɗin makaranta da ya ninka na 'yan gida sau da yawa. A digiri na farko galibi yana farawa daga wajen Yuro 9,000 a shekara, wasu kwasa-kwasan kuma sukan haura 20,000.

Bayan wannan, IND tana so ta ga shaidar cewa kana da abin da za ka ci, ka biya haya, na tsawon shekara guda. Adadin yana sauyawa duk shekara, a 2025 ya haura Yuro 1,000 a wata, wato sama da Yuro 12,000 a shekara. Sai kuɗin shigar da buƙatar kanta, wanda ya haura Yuro 200, kuma ba a mayar da shi ko an ƙi amincewa. Ka haɗa waɗannan, ka tambayi farashin Yuro na yau, ka ninka. Lissafin da ya kamata ka yi tare da iyayenka ke nan kafin a fara zancen jirgi.

Ana nuna shaidar kuɗin ta takardar banki, ko takardar tallafin karatu, ko ta wani mai ɗaukar nauyi. Jami'o'i da yawa sukan ce a tura musu kuɗin zaman shekarar cikin asusunsu, su mayar wa ɗalibi bayan ya iso ya buɗe asusu a can. A irin wannan hali, asusun jami'a kaɗai ake tura wa kuɗi, ba na wani mutum ba. Akwai tallafin karatu, amma a san girmansa: wanda ake kira NL Scholarship Yuro 5,000 ne, sau ɗaya, a shekarar farko. Yana rage nauyi, ba ya ɗauke shi duka. Tallafi mai ɗaukar komai kaɗan ne, kuma masu sakamako mai kyau sosai suke samu.

Sunanka nawa?

Ga wata matsala da ta fi shafar mu 'yan Arewa. Yaro ɗaya sai ka ga Muhammad a takardar haihuwarsa, Mohammed a sakamakon WAEC, Muhammadu a katin NIN. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan garinsu. Ranar haihuwa ma haka, wadda aka rubuta a firamare daban, wadda aka faɗa ranar rajistar jarrabawa daban. A gida mun saba, kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da yake zaune a Holan bai san ka ba, takarda kawai ya sani. Idan takardu biyu suka saɓa, tambaya ta taso, lokaci kuma yana tafiya.

Takardun da ake buƙata sun haɗa da fasfo mai sauran wa'adi, takardar gurbi, shaidar kuɗi, da wata takarda da duk wanda ya kai shekara 12 yake sa wa hannu, yana bayyana ko an taɓa kama shi da laifi. Wanda bai kai 18 ba yana buƙatar yardar iyaye a rubuce. Takardar haihuwa kuma, wadda za a nema bayan ka isa, sai an tantance ingancinta tun kana gida. A Najeriya ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake amfani da ita, a kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga mata tambari, sannan ofishin jakadancin Holan ya tabbatar. Takardar da take cikin Turanci, Faransanci, Jamusanci ko harshen Holan ba ta buƙatar fassara, wannan sauƙi ne ga 'yan'uwanmu na Nijar. Wadda take cikin Larabci ko Hausa kuwa sai mai fassara da hukuma ta amince da shi ya fassara ta.

Kada a kuskura a haɗa da takardar bogi. IND tana da ƙwararrun masu binciken takardu, kuma ko an ba mutum izini, daga baya aka gano ya yi ƙarya, ana iya janyewa.

Daga amincewa zuwa sauka

Idan makaranta ta miƙa takardu, sai jira. A mafi yawan nau'o'in izini doka ta ba IND har kwana 90 ta yanke hukunci, amma idan amintacciyar makaranta ce ta nema, takardu kuma suka cika, galibi ba ya kai haka. Idan aka ƙi, ana da mako huɗu na ɗaukaka ƙorafi.

Idan aka amince, kana da wata uku ka je ofishin jakadancin da aka zaɓa ka karɓi MVV. Holan tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Da kanka za ka je, domin za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Bizar tana aiki na kwana 90, a cikinsu ne za ka shiga ƙasar.

Sauka a filin jirgin Schiphol ba shi ne ƙarshen aiki ba. A cikin kwana biyar ake so ka nemi rajista a ofishin ƙaramar hukumar garin da za ka zauna. Daga nan ake ba ka lambar ɗan ƙasa da ake kira BSN, wadda ake nema a banki, a asibiti, da wurin aiki. Za ka karɓi katin izinin zamanka daga IND. 'Yan ƙasashe da dama, har da Najeriya, dole su yi gwajin tarin fuka a hukumar lafiya ta gari cikin wata uku. Inshorar lafiya ma dole ce.

Rajistar nan ba ta yiwuwa sai da adireshi, kuma a nan babbar matsalar Holan take: ƙarancin gidaje. Abin ya kai a 2022 Jami'ar Amsterdam ta fito fili ta shawarci ɗaliban ƙasashen waje da ba su samu ɗaki ba zuwa tsakiyar watan Agusta da kada su zo. Wasu masu gidaje sukan ba da hayar ɗaki da sharaɗin ba za a yi rajista da adireshin ba. Irin wannan ɗakin tarko ne, domin babu rajista, babu BSN. Don haka ana fara neman ɗaki da zarar an samu gurbi.

Katin yana da sharaɗi

Izinin zama na karatu yana ɗaukar tsawon kwas ɗin da ƙarin wata uku, amma bai wuce shekara biyar ba. Sai dai riƙe shi ya danganta da ƙoƙarin ɗalibi. Shekarar karatu tana da maki 60, kuma doka ta ce sai ka samu aƙalla rabinsu, wato 30, a kowace shekara. Idan ka gaza ba tare da uzuri mai ƙarfi kamar rashin lafiya ba, makaranta za ta sanar da IND, ita kuma tana iya janye izinin. Jami'o'i da dama ma suna da nasu sharaɗin na shekarar farko wanda ya fi wannan tsanani. Wanda ya saba sai mako biyu kafin jarrabawa yake buɗe littafi, ya sani a can irin wannan ɗabi'a tana iya mayar da mutum gida.

Aiki ma da iyakarsa. Ɗalibi ɗan wajen Tarayyar Turai zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya yi aikin da bai wuce awa 16 a mako ba, ko ya yi cikakken aiki a watannin Yuni, Yuli da Agusta kawai. Kuma wanda ya ɗauke shi aikin sai ya nema masa takardar izinin aiki. Saboda haka lissafin "in na je zan yi aiki in biya kuɗin makaranta" ba ya fita, tunda tun farko sai ka nuna kuɗin kafin a bar ka ka shiga.

Masu zuwa aiki fa?

Wanda ya kammala digiri a Holan yana iya neman izinin shekara ɗaya na neman aiki, kuma yana da shekara uku bayan kammalawa ya nema. Wannan da kansa yake nema, kuma a cikin shekarar yana iya yin kowane aiki ba tare da takardar izinin aiki ba.

Babbar hanyar ma'aikata ita ce izinin ƙwararru. A nan albashi ne ma'auni. A 2025, wanda ya kai shekara 30 sai albashinsa ya kai Yuro 5,688 a wata kafin cire haraji, wanda bai kai 30 ba Yuro 4,171, wanda ya fito daga shekarar neman aiki kuma Yuro 2,989. Irin wannan albashi injiniyoyi da masana kwamfuta da makamantansu suke samu. Ga sauran ayyuka kuwa, sai kamfani ya nuna ya nemi ma'aikaci a Holan da duk Tarayyar Turai bai samu ba, kafin a bar shi ya ɗauko daga waje. Ke nan wanda ya ce zai sama maka aikin gona ko na wanke-wanke a Holan, da biza a cikin mako biyu, ka tambaye shi ta wace ƙofa.

Hattara da dillalai

A garuruwanmu da shafukan sada zumunta akwai masu tallar "biza tabbas". Wasu iyaye sun sayar da gona ko fili sun miƙa, ƙarshe babu kuɗi babu tafiya. Ba duk mai taimaka wa ɗalibi cike takardu ne macuci ba, amma babu ejan ɗin da yake da ikon bayar da izinin zama, kuma babu wanda zai iya yi maka alƙawarin abin da IND za ta yanke. Alamomin damfara a bayyane suke: a ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, a hana ka magana da makarantar kai tsaye, a ce za a "gyara" maka takardar banki, ko a riƙa matsa maka cewa gurbin zai rufe gobe. Duk lokacin da ka yi shakka, nemi adireshin ofishin ɗaliban ƙasashen waje a shafin jami'ar, ka rubuta musu da kanka. Tambaya kyauta ce.

Abin da za ka iya yi a wannan zango

Ƙanina, ƙanwata, ko kana aji ɗaya na babbar sakandare akwai aikin da ya rage naka. Yau da daddare ka roƙi Baba ko Mama su fito maka da takardar haihuwarka, ka jera ta da katin NIN da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC da NECO. Idan akwai saɓani ko na harafi ɗaya ne, a gyara kafin rajistar jarrabawa, domin gyaran bayan fitowar sakamako ya fi wahala da tsada. Ka riƙe Turanci da Lissafi da muhimmanci, ka saba da karanta dogon rubutu ka taƙaita shi da kalmominka. Ka koyi duba bayani daga tushe, wato shafin IND da na jami'ar kanta, tunda adadin kuɗi da ranaku suna sauyawa duk shekara.

Idan Allah Ya nufa da tafiya, za ka tafi da takardun da babu mai yi musu tambaya. Idan kuma a Kano ko Zariya ko Yamai rabonka yake, sunan da ya daidaita da sakamako mai kyau su ne dai abin da za a fara nema a wurinka. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.